Na Ƙarshe a Tseren Zarami

Haladu ba shi da gudu, kuma bai taɓa ɓoye wa kowa ba. Duk ƙungiyar ƙwallon da ta kira shi gwaji, kafin ya ɗaura takalmi sai ya je ya gaya wa koci cewa idan ɗan tsere ake nema, a nuna masa hanyar tasha ya koma Haɗejiya. Ni yayar mahaifinsa ce. Na san shi tun yana rarrafe, kuma ko rarrafen a hankali ya yi shi. Abin da Allah ya rage masa a ƙafa ya ƙara masa a murya, domin in ya yi magana a soro har maƙwabta sai sun san abin da ya ce.

Mahaifinsa, ƙanena Shu'ibu, yana da gonar shinkafa a fadama ta wajen Kirikasamma. Idan shinkafa ta fitar da kai, tsuntsayen jan-baki suke tasowa daga cikin kacalla, doguwar ciyawar ruwan nan, su rufe gona, sai a kwashi yara a kai su kora. Sauran yara gudu suke yi daga wannan kunya zuwa waccan har su faɗi. Haladu ya gwada ya ga ba zai iya ba, sai ya hau rumfar gadin gona ya zauna yana kallon kacalla. Da ya gane ta inda garken yake tashi da inda yake son sauka, sai ya riƙa jera ƙannensa da ’ya’yan maƙwabta, kowa da igiyar gwangwanaye a hannu, yana kwarara musu ihu cewa wane ya matsa gabas, wane ya tsaya inda yake, kada wanda ya ja igiya sai ya ce. Daga baya ’yan jarida sun mai da wannan labari wata babbar hikima. Ni dai na san rashin gudu ne ya hau da shi rumfar nan.

A unguwarmu akwai Zarami, mai gyaran babur, shi ke horar da ƙungiyar samari. Hanyar zaɓensa ɗaya ce. Bayan an girbe shinkafa zai jera yara a bakin fili su yi tsere zuwa gindin tsamiya, ya ɗebi na gaba, ya kori na baya ba tare da sun taɓa ƙwallo ba. Haladu ya zo na ƙarshe, shekara ta zagayo ya sake zuwa na ƙarshe. Bai daina zuwa filin ba. Sai ya tsaya a bakin layi yana yi wa ’yan bayan Zarami irin ihun da yake yi wa ƙannensa a gona. Ranar da suka kara da samarin Kaugama, tun kafin hutu an zura musu biyu, ga Haladu ya cika wa kowa kunne. Zarami ya juyo a fusace ya jefa masa riga.

“Shiga ka yi da kanka, sarkin baki. In suka wuce ka, kada ka ƙara tako filin nan.”

“To, Koc. Amma ka gaya musu su ji maganata, don ni ba zan bi kowa da gudu ba.”

Ba a ƙara zura musu ko ɗaya ba. Haladu ya jera ’yan baya a layi guda, in ya yi ihu su taka gaba tare, ɗan gaban Kaugama ya tsinci kansa ya wuce kowa kafin a bugo masa ƙwallo, alƙali ya busa satar gida. Zarami bai ba shi haƙuri ba, bai kuma daina tserensa ba. Ya dai bar masa rigar.

Daga nan wata ƙungiya a Kano ta ɗauke shi. A can ya zama kyaftin, suka ci kofi, ya kuma karɓi jan katinsa na farko, ba don ya yi wa wani ƙeta ba, sai don ya tsaya yana koya wa alƙali aikinsa. Mahaifiyarsa Saude ta yi kuka da ta ji a rediyo. Ni na ce mata alƙali ya yi daidai, mai yiwuwa ya koyi rufe baki. Bai koya ba. Ya wuce Tunisiya ya yi shekaru, sannan wata ƙungiya a Beljiyam ta saye shi.

Can ne abin ya kusa ƙarewa. Sabon koci ya zo da na’urar auna gudu, aka auna kowa, Haladu ya zo inda ya saba zuwa. Aka ajiye shi a benci kaka guda cur. Ya bugo mini waya yana cewa, Gwaggo, Zarami ya biyo ni Turai da farar fata. Na ce masa ai kai ka fara gaya musu ba ka da gudu, don me za ka ji haushi da suka yarda? Na ce ko dai ya tattaro ya dawo ya kama noman ubansa, ko ya zauna ya jira. Ya zauna. Masu gudun suka yi ta gudu, ƙwallaye na ta shiga ragarsu, har ƙungiyar ta kusa faɗawa rukuni na ƙasa. Aka sallami kocin, wanda ya gaje shi ya ta da Haladu daga benci, suka tsira. Magoya baya suka fara rera sunansa, duk da ba su iya faɗarsa daidai ba.

Yana dab da shekara talatin aka kira shi ƙungiyar ƙasa. Masu sharhi a rediyo suka ce an ɗauko tsohuwar tirela an sa a layin tsere. Ya buga wasannin sada zumunta ba a ga laifinsa ba, amma kowa ya san hukuncin yana gaba, a wasan ƙarshe na neman shiga gasar nahiya. A ƙasar abokan karawa za a buga, canjaras ya ishe mu, kuma suna da wani ɗan gaba da ake cewa babu mai gudunsa a Afirka. In yaron nan ya wuce Haladu sau ɗaya ya ci, to rigar ƙasa ta ƙare masa, kuma duk wanda ya taɓa auna shi da tsere ya yi gaskiya.

A ɗakin Saude muka kalla da la’asar, janareto na ta ƙugi a tsakar gida. Duk da ƙarar jama’ar filin, muna jin muryarsa ta talabijin. Yaron ya yi ta tashi, tutar satar gida na ta tashi da shi. Sai saura kaɗan a tashi, ɗan bayanmu na hagu ya makara da taku ɗaya, yaron ya fice shi kaɗai. Saude ta rufe fuska da mayafi. Ni ban rufe ba, don haka na ga abin da ya faru. Haladu bai bi shi ba. Tun kafin a bugo ƙwallon ya riga ya juya ya nufi raga da ɗan gudunsa na kullum. Yaron ya yanke gola ya buga, ƙwallo ta tarar da Haladu tsaye a kan layi ta daki fuskarsa ta fita waje. Hancinsa ya karye, har yau a karkace yake. Aka tashi babu ci. A daren nan babura suka cika titunan Haɗejiya da hon, masu kifi a bakin gada suna rabawa kyauta. Ya je gasar nahiya ya buga kowane wasa, ya kuma ci gaba da sa rigar ƙasa har gwiwarsa ta gaji.

Da ya ajiye takalmi ya dawo gida, aka shirya masa taro a tsohon filin. Duk masu horar da yara sun zo, daga Miga, daga Kaugama, daga ƙauyukan fadama. Zarami na gaba a kujera, ya tsufa, yana gaya wa na kusa da shi cewa shi ya gano yaron. Aka tambayi Haladu abin da yake so gari ya yi masa. Aka miƙa masa lasifika ya ture, don bai taɓa buƙatarta ba. Ya nuna tsamiya.

“Koc, ban ce ka daina tserenka ba, na san ba za ka daina ba. Abu ɗaya nake roƙonku, ku duka. Duk yaron da ya zo na ƙarshe, kada ku kore shi sai kun ba shi ƙwallo kun ga abin da zai yi. In kuma ba ku da haƙurin haka, ku turo mini shi gida.”