Yadda Na Koya wa Nura Musu a Hanyar Kano

Gurbi ɗaya wata jami'ar ƙasar waje ta ba ɗana Nura, da sharaɗin ya ci jarrabawar Turanci kafin a rufe ɗibar ɗalibai. Zama biyu ke gare shi, ya riga ya faɗi na farko. Karatu da rubutu da sauraro duk ya haye, a hirar baki aka kayar da shi. Mai jarrabawar dattijuwa ce, duk abin da ta faɗa sai ya sunkuyar da kai ya ce haka ne. Ashe su ra'ayinka suke so, da hujja. Ni kuwa tun yana yaro nake hana shi musu da manya. Na rufe shagon hatsi, na ce wannan karon da ni za a tafi.

Zoza zuwa Karaye

Muna idar da sallar asuba muka hau babur zuwa Rogo Sabon Gari. Mota ba ta cika ba sai bakwai saura. Kusa da mu akwai Malam Sabo, tsohon hedimasta, na roƙe shi ya zama tafinta.

Na ce, “Nura, daga nan har Kano na yafe maka. Duk abin da na faɗa ka musa, da Turanci. Ciniki ne, ba a sallamawa a tayin farko.”

“To, Baba.”

“Masara ta fi dawa.”

“Haka ne, Baba.”

“Dawa ta fi masara!”

“Gaskiya ne, Baba.”

Direba ya ce, “Alhaji, irin wannan ɗan ai nemansa ake yi, kai kuma kana son ka lalata shi.”

Karaye

Muka tsaya shan shayi da burodi. Nan dabara ta zo mini. Na kurɓa, na ɗaga murya na ce, “Shayin nan ya fi komai da babarka take dafawa. Ba ta taɓa iya miya ba.”

Nura ya ajiye kofi. Sai Turanci ya ɓalle kamar an buɗe famfo, har da lissafawa da yatsu. Malam Sabo yana dariya yana fassarawa: “Ya ce na farko, kullum sai ka nemi ƙari. Na biyu, kai ke rage kuɗin cefane. Na ukun, Alhaji, ba zan faɗa ba.”

Har yau ban san na ukun ba.

Hanyar Gwarzo

A wani shinge jami'i ya ce an yi wa motar lodi fiye da kima. Kafin direba ya buɗe baki Nura ya leƙo ta taga, ya fara “na farko”. Aka ce mu sauka duka. Muka daɗe a rana ina ba da haƙuri da Hausa, ina take masa ƙafa.

Kano

Da azahar muka sauka gidan abokin cinikina a Dawanau, aka tarbe mu da shinkafa da wake. Washegari da hantsi Nura ya shiga ɗakin jarrabawa, ni ina zaune a benci a waje. Da ya fito ya ce dattijuwar nan ce dai. Ta ce masa zaman birni ya fi na ƙauye, bai bar ta ta huta ba sai da ta nuna masa agogo.

Gida

Mun iso Zoza bayan magariba. Godiya ga Allah, sannan ga Malam Sabo da mai masaukinmu. Bayan mako biyu sakamako ya zo, ya ci, gurbi ya tabbata.

Ribar ke nan. Asara kuwa, kasuwar kwana biyu ta wuce ni. Direban nan ya kai wa Hajiya, babar Nura, maganar miya, na yi mako ina cin abinci a tasha. Jiya kuma na ce a sayar da waken da ke sito, Nura ya durƙusa cikin ladabi ya ce, “Baba, ina da hujja uku.” Da Hausa. Ban sayar ba.