Bayan Bindo

Bindo ɗan dako ne a birnin Firenze, buhunan ulu yake sauke wa marina a bakin kogin Arno. Girman kansa ya samo asali ne ranar da Maestro Zanobi mai zane ya tare shi a hanya, ya kewaye shi kamar mai cinikin alfadari, ya ce ya zo shago ya tuɓe.

Tun daga nan Bindo ya naɗa wa kansa sunan Ercole, gwarzon nan na tatsuniyoyin mutanen da. To wa kuma za a zana da ƙirji irin nasa? Sai dai Maestro bai taɓa duban ƙirjin ba.

"Juya baya, Bindo. Karya ƙugu. Saki kafaɗa."

"Maestro, gwarzo da karya ƙugu?"

"Haka ake yaƙi a zamanin da. Yi shiru, kana motsa min haske."

Hunturu guda ya yi tsirara yana rawar ɗari, da yamma kuma ya cika mashaya da baki. Ya rantse wa 'yan dako cewa ranar bikin San Giovanni, da shaguna ke baje kayansu a ƙofa, za su san wanda suke zama da shi. Matarsa Monna Tessa ta ce, "Kai dai ka dawo min da mura, gwarzo."

Abin da Bindo bai lissafa ba shi ne, macen kirki ba ta tuɓewa a shagon mai zane. In ana son mace, namiji ake tsayarwa, a rage nan, a ƙara can.

Ranar biki ya jawo rabin unguwa. Ga zane an kafe a ƙofar shagon Maestro: Venere, uwar ƙauna, ta fito wanka ta ba jama'a baya, gashi har gadon baya. Bindo ya ce nasa zanen yana ciki, bai bushe ba.

Da an tafi a haka, sai Monna Tessa ta matsa, ta ƙura wa ƙugun ido.

"Wayyo Bindo! Wannan tabon ai ni na yi shi da kaskon suya!"

Maestro, ka san, mutum ne mai amana ga abin da idonsa ya gani.

Har ya tsufa 'yan dako suna ce masa Madonna Venere, suna tambayarsa ko ruwan wankan ya yi ɗumi. Shi ne ɗan dakon da ba a sake ganin ya cire riga ba, ko da rana tana narka dutse.