Takardar da ke bayan ƙyaure

Shekaru biyu bayan an daina sule da fam an koma naira, ɗana na fari ya dawo Birnin Kudu hutun damina da akwati cike da littattafai. Shekararsa ta farko ke nan a jami'a, yana karatun da ake bi a zama likita. Tun bai sauke akwatin ba mutanen unguwa ke ce masa Likita.

Ni ban taɓa kiran sunansa ba. Haka na taso na gani a gidanmu na Fagam: uwa ba ta kiran ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta shiga maganarsa a gaban mutane. In zan ba shi tuwo sai in ajiye in ce wa bango, "Ga abinci nan."

Kwana biyu da zuwansa ya same ni ina tankaɗe. Ya durƙusa da wani bayan kalanda da ya zane gida-gida.

"Inna, an ce kin yi yaƙi da jahilci har kin karɓi takardar shaida. To karanta mu ji."

Na dubi rariya na ce, "Ana iya gwadawa."

Da Hausa ya rubuta, manya-manya. Ba mu da agogo, don haka da lokutan salla ya raba yinin. Asuba zuwa hantsi: kemistiri. Bayan azahar: lissafi. Bayan la'asar: tsofaffin tambayoyin jarrabawa, a amsa ba tare da an buɗe littafi ba. Juma'a: bita. Kowace rana da gidanta, mako tara.

Sai ya rage murya. Ya ce ya faɗi kemistiri. An ba shi dama ɗaya ya sake a ƙarshen hutu, in ya kuma faɗuwa sun sallame shi ke nan.

"Ba zan iya kallon Baba in faɗa masa ba. Ke ki faɗa masa."

Na ci gaba da tankaɗena. Ya liƙa takardar a bayan ƙyauren ɗakinsa, kullum in ya cika aikin rana ya sa mata alama da jan biro. Mako biyu ina shiga shara ina ganin jan yana ƙaruwa. Ina kuma jiran ranar da zan sami Malam, mahaifinsa, cikin walwala.

Kafin ranar ta zo kurkunu ya fito wa Malam a ƙafa. Dawa ta kai gwiwa, ciyawa na neman haɗiye ta, ga 'yan ƙwadago duk sun tafi birni aikin gini. Sai wan Malam, wanda yara ke ce wa Baffa, ya zo duba shi. Suna zaune a tsakar gida Baffa ya hango yaron ta taga, kansa a cikin littafi.

"Ikon Allah! Gona na mutuwa, ga ƙato a ɗaki yana gadin takarda. Likita, ba a ce an ba ku hutu ba? Ko hutun ma na Turawa ne, ba a taɓa fartanya?"

Yaron ya fito ya gaishe shi. Baffa ya leƙa ɗakin, ya ciro takardar, ya juya ta sama da ƙasa. Daga shi har Malam ajami suka sani, ba boko ba. Malam ya miƙo mini.

"Ke da kika yi ajin manya, me aka rubuta nan?"

Na karɓa. Yaron yana tsaye, ban kalle shi ba amma na san ni yake kallo. Maganar tana bakina, ba ta fi numfashi ɗaya ba: ku bar shi, karatunsa ne a kan siraɗi. Amma ga wan miji a zaune. Gobe a Fagam a ce wance ta buɗe baki ta tsaya wa ɗan farinta, ta hana shi noma.

Na ce, "Lokutan salla na gani."

Baffa ya yi dariya. "To ai a gona ma ana salla."

Washegari yaron ya ɗauki fartanya. Ya gama maimai a gonarmu, aka ja shi gayya gonar waɗanda suka taimaka mana, daga nan gyaɗar Baffa a Fagam. Da farko yakan dawo ya buɗe littafi bayan la'asar, tafin hannunsa duk ya fashe, sai in tarar barci ya kwashe shi a kan shafin. Ya mayar da takardar bayan ƙyaure, ya riƙa matsar da darussa da kibiya daga wannan mako zuwa na gaba, har kibiyoyin suka taru a makon ƙarshe, suka rasa inda za su.

Bai sake yi mini maganar ba. Ni ma kullum sai in ce gobe zan sami Malam shi kaɗai. Sau da yawa na same shi shi kaɗai.

Dawa ta yi kyau a shekarar. Muna cikin girbi yaron ya dawo daga jami'a da akwatinsa, da rana tsaka, ya shiga ɗaki ya rufe. Daga baya ya sami koyarwa a firamare a ƙasar Gwaram, a can ya yi aure, a can ya tsufa. 'Yan unguwa sun daɗe suna ce masa Likita, wasu da gaske, wasu da gatse. Malam ya rasu yana cewa yaron ne bai mai da hankali ba.

Takardar tana cikin adakata. Jan biro ya tsaya a rana ta goma sha huɗu. Wata salla da ya kawo 'ya'yansa na ciro ta na ajiye kusa da shi, na ce wa bango, "Mai wannan ya yafe."

Ya daɗe yana dubanta. Ya ninke ta, ya tura mini.

"Ki ajiye, Inna. Ke ce mai karatu."