Mai Zumar da Aka Sa a Turu

A Randagi na tashi, a hannun kakata ta wajen uba, Iya Jummai, 'yan shekaru bayan Turawa sun tafi. Bagwariya ce da ta musulunta tun tana budurwa, rabin danginta kuwa coci suke zuwa, kuma ba a taɓa jin kansu ba. Da an idar da magariba an ci tuwo, sai ta ja 'yar kujerarta kusa da murhu, ta tura doya cikin toka, mu kewaye ta. Tatsuniyoyinta na ban dariya ne, ban da guda ɗaya. Ba ta son ta, amma duk shekara idan lokacin ɗiban zuma ya zo sai ta ba mu ita.

Wai an yi wani mai ɗiban zuma ana ce masa Dogo, yana zaune da ƙanwarsa tun rasuwar iyayensu. Wata rana da hantsi yana gindin wata doka can cikin daji, sai wani abu ya sauko masa. Bai ga aljani ba, bai ji murya ba. Kawai ya rasa inda jikinsa ya ƙare da inda daji ya fara. Shi da ƙudan zuma da ganyaye duk numfashi ɗaya suke ja, ya kuma ji ana ƙaunarsa, ƙaunar da bai taɓa sanin irinta ba. Ya dawo gida ba zuma, yana hawaye yana murmushi.

Dogo ya shiga tambayar mutane. Malamin zawiya ya ce su ma a tsakiyar zikiri mutum kan ɓace wa kansa, ba abin da ya rage sai Allah. Ya shawarce shi ya gode ya kama bakinsa. Tsohon da ke kula da dutsen kakanni ya ce magabata ne suka dafa shi. Mai wa'azin coci ya ce shi ma Ruhu ya taɓa cika shi yana durƙushe, har ya kasa tashi. Wata 'yar bori kuwa ta girgiza kai, ta ce ita idan an hau ta ba ta tuna komai, shi ga shi yana tunawa, don haka nasa daban ne. Cikinsu babu wanda ya kira shi mahaukaci.

'Yan kasuwa ne suka kira shi haka, don Dogo ya kasa yin shiru. Duk wanda ya tsaya sayen zuma sai ya ba shi labari. A lokacin an kusa auren ƙanwar da saurayin da take so, sai dangin saurayin suka fara ja da baya, suna cewa ba sa haɗa jini da gidan hauka. Ita da kanta ta je ta kira maza. Suka sa ƙafarsa a turu, wato gungumen da ake ɗaure mahaukata, suka yi ta yi masa hayaƙi, har ranar da ya dube ta ya ce bai ga komai ba.

A nan ne wata shekara bakin Iya ya suɓuce.

"Da ya faɗi haka, sai na kwance..." Ta tsaya, ta juya doyar da ba ta buƙatar juyi. "Sai ta kwance shi."

Yayana Sale ya ce, "Iya, to ya warke?"

"Ya warke. Ya yi noma, ya yi aure, bai ƙara shiga daji ba. Bai kuma taɓa yi mata gori ba ko sau ɗaya. Wannan ne ya fi ci mata rai."

Ta raba mana doya, ita ba ta ci ba.

Sai bayan rasuwarta Baba ya tabbatar mini Dogo wanta ne, ya rasu kafin a haife ni. Da na tafi kwalejin horon malamai a Zariya, na haɗu da wata malamar lissafi Ba'indiya. Wata rana muna hira ta ce mahaifinta kan zauna shiru da asuba har ya ji kamar ɗigon ruwa ne da ya faɗa kogi, kuma a garinsu mutane kan cire takalmi kafin su shiga wurinsa. Nan take na tuna da turun. Ƙafar Dogo kawai nake gani.

Ban san ko abu ɗaya ne waɗannan mutane suka ɗanɗana ba; 'yar borin ma ta ce akwai bambanci. Abin da ke nauyaya mini zuciya shi ne auren da aka ceto da turun nan shi ya samar da Baba, Baba ya haife ni. Shirun Dogo ne sadakin zuwana duniya. Shi ya sa har yau, idan wani ya fara ba ni labarin abin da ba ni da sunansa, ko a masallaci ya same shi ko a coci ko a gona, nakan ajiye abin da ke hannuna in ce masa ya ci gaba, ina ji.