Mutumin da Ya Ƙi Sauke Emenike Daga Jirgi

Duk wanda ya saba zama a bakin hanyar Kumbiya-Kumbiya a Gombe da yamma ya san Malam Yuguda Jalo. Dogo ne siriri, kullum yana dawowa daga aiki a kan tsohon kekensa, auduga maƙale a gemu, yana magana shi kaɗai. Shekara da shekaru yana kula da injin gurzar auduga, sai bana ya yi ritaya. Wasu kan ce ƙarar injin ce ta taɓa masa kai. Ba su sani ba, labari yake saƙawa.

Tun shekarar samun 'yancin kai ya fara rubutu. Kowa na ba da labarin da, shi kuwa na gobe yake bayarwa. A littafinsa Shanu a Duniyar Wata, Fanta 'yar Fulani ce ke kora garke sama neman makiyaya. A Jirgin Bagadaza kuma, mutanen unguwa ne suka ƙera jirgin zuwa taurari, mai kula da injinsa wani Ibo ne, Emenike. Abokin Malam, Anayo, wanda shi ma Ibo ne, mai 'yar maɗaba'a kusa da kasuwa, shi ke buga littattafan. Duk Juma'a bayan la'asar Malam kan shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida ya karanta wa jama'a ci gaban labarin.

Sai ƙasa ta rikice. Anayo ya kwashe iyalinsa ya gudu garinsu, yaƙi ya biyo baya. Malam ya ci gaba da karatun Juma'a daga rubutun hannu, Emenike na nan cikin jirgi yana ɗaure ƙusoshi. Ran nan Bappayo tela, wanda bai taɓa fashin zuwa ba, ya katse shi.

"Malam, 'ya'yanmu na bakin daga, kai kana yabon mutumin nan? Ka sauke shi mana!"

"To, Bappayo, in injin ya tsaya tsakanin nan da wata, wa zai gyara? Kai da ko facin keke ba ka iya ba?"

Aka yi dariya, amma Juma'ar da ta biyo tabarma ɗaya ta ishi masu sauraro. Har gaisuwa wasu suka daina yi masa. Matarsa Jamilatu ta shaida cewa abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ta kuma roƙe shi ya bar zancen. Ya ce mata, "Goben da nake rubutawa ta Gombe ce. In na cire shi, na yi wa jikokinmu ƙarya."

Kai ne, Malam, ka riƙe wa maƙwabci gurbinsa lokacin da riƙewar ke da tsada. Gagara-gasa na Jalo! Muna alfahari da kai, ba kuma a ɓoye ba.

Bayan yaƙi Anayo ya dawo, ya rame, bai san irin tarbar da zai samu ba. Ranar Juma'a ya iso, ya tsaya nesa da tabarmi har aka gama karatu.

"Malam," in ji shi, "a ina ka zubar da Emenike?"

"Yana bakin aikinsa. Bai taɓa sauka ba."

Anayo ya juya baya yana share ido. Bappayo ne ya tashi ya kamo hannunsa, ya zaunar da shi.

Yau kuɗin mai sun shigo, kowa na rige-rigen sayen babur da rediyo, ba mai tuna wanda ya fara kai mu wata. To, mu mun tuna. Mun gode, Malam Yuguda, Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ku kuma masu tasowa da alƙalami, in za ku ƙera jirginku, ku duba da kyau kada ku bar maƙwabci a ƙasa.