Dutsen Kwallin da Yaya Sani Ya Matse

Bana shekara shida ke nan da rasuwar yayana Sani, Allah Ya ji ƙansa. Ni firamare kawai na yi, don haka abin da na sani na aikinsa ɗan abin da na tsinta ne a bakinsa.

Duwatsu yake bincike. In ya zo ƙauyenmu a gefen Ɗanbatta, yakan zauna inda muke matsar gyaɗa, ya ce sana'armu ɗaya, sai dai shi dutse yake matsewa. Wai ɗan ɓarɓashi yake ɗauka wanda bai kai ƙwayar gero ba, ya sa tsakanin lu'ulu'u biyu, a matse shi irin matsin can ƙarƙashin ƙasa. Sannan a haska masa irin hasken da ake hoton ƙashi da shi a asibiti. Ɗige-ɗigen da ke fitowa su ke nuna masa inda wasu 'yan mitsi-mitsi, ilaktaron yake ce musu, suka taru, da inda suka koma bayan matsin. Innarmu ta tambaye shi, to man fa? Ya ce ba ya fitowa. Ta ce ai kuwa an yi asarar ƙarfi.

Cikin duwatsun har da na kwalli. Ya ce dalma ce a ciki, tana cutarwa, kada a sa wa jariri. Muka ji, muka ci gaba da sawa. Lokacin ban haihu ba.

Yanzu ina da 'ya, Hauwa, watanta biyu. Kullum da hantsi surukata tana shigowa da tandun kwallinta. Haka ta yi wa nata tara, kuma duk idonsu garau. Ba na iya ce mata a'a, sai in ce yarinyar na barci. Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga wannan ɓoye-ɓoyen. Ina jin ba zai yi faɗa ba, zama zai yi ya yi mata bayani dalla-dalla.

Shekaranjiya ta tarar da Hauwa ido biyu. Na sunkuyar da kai na ce, "Inna, marigayi ya hana. Ya ce dalma ce."

Ta dube ni ta ce, "Shi mai matsar dutsen?"

Na ce e. Ta ɗaure tandun a bakin zane ta ce, "To, ba zan yi musu da mamaci ba."

Takardunsa suna hannun waɗanda suka iya karanta su. Ni rabona a cikin aikinsa magana ɗaya ce. Jiya surukar tawa ta shigo ta ɗauki Hauwa, ta yi mata wasa, ta mayar min da ita idonta fari, ba kwalli.