Goggo Dije mai talabijin ta tafi

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina cikin haɗa shayi ƙanena Sani ya kira ni daga Kankia. Ko gaisuwa bai tsaya yi ba, ya ce, "Yaya Binta, Goggo Dije fa lokaci ya yi."

Ba 'yar'uwarmu ba ce ta jini. Katanga ce kawai ta raba gidanmu da nasu. Amma duk wanda ya tashi a layinmu a shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa ya san ta, don a ɗakinta muka fara ganin talabijin.

Mijinta Malam Sale direban babbar mota ne, yana ɗaukar gyaɗa da auduga zuwa Kano. Can ya sayo talabijin ɗin, baƙi da fari, mai ƙofofin katako kamar kabad. Babu lantarki, da batirin mota ake kunna shi. Da yamma in an buɗe tasha sai ta fito da shi tsakar gida, ta shimfiɗa tabarmi, mata da yara mu cika wurin.

Gaskiya rabin daɗin kallon bakinta ne.

Fim ɗin kaboyi ba ya burge ta. Ta ce mutanen banza ne, kowa ya shigo gari sai ya karya kujerun mutane ya hau doki ya tafi. "To wa zai gyara?" In aka harbi mutum ba ta cewa komai, amma doki ya faɗi sai ka ji ta yi salati.

Na Indiya kuwa tana so, ko da yake ba ta jin ko kalma ɗaya. Ita ke fassara mana, kuma ba mai musu da ita. Abin da ke damun ta kawai canjin kaya a tsakiyar waƙa. "Wannan ɗiya, wa ke yi mata wanki?"

Amma wasan Hausa shi ne nata. Tana kiran 'yan wasan da sunan da ta laƙaba masu, tana yi masu faɗa kamar suna jin ta. Kuma kullum tana bayan wanda kowa ke zagi. In an kama ɓarawo muna tafi, ita sai ta ce, "Ku bari ku ji mi ya kai shi tukuna."

Sai shekarar da aka yi ta korar ma'aikata ta zo, ta haɗa da babanmu. Ma'aikaci ne a ɗakin shan magani, aka ce magani ya ɓace a hannunsa. Ba a kai shi kotu ba, ba a kuma wanke shi ba. Ina 'yar aji shida lokacin. Innarmu ta daina fita ko suna, mu ma muka daina shiga kallo.

Goggo ta leƙo ta katanga ta ce in ban zo ba za ta zo ta ɗauke ni kamar buhu. Na je, ta zaunar da ni a gaba kusa da ƙafarta.

Ranar kuwa, kamar da gayya, wasan na wani ma'aji ne da aka kama. Wata mata, matar wani babba a gari, ta yi dariya ta ce, "Ga baban su Binta nan."

Wasu suka yi dariya. Ni dai ƙasa nake kallo.

Goggo ta miƙe ta kashe talabijin, ta ja ƙofofin ta rufe. Ta ce, "Hajiya, ko ki ba ɗiyar nan haƙuri, ko kallo ya ƙare a gidan nan."

Matar ta ce ita ba za ta ba yarinya haƙuri ba. Goggo ta ce to ga ƙofa. Ta fita, mata da yawa suka bi ta. Aka daina sayen ƙuli-ƙulin Goggo a gidaje da dama, an daɗe ba a gayyatar ta biki. Ban taɓa jin ta yi mita a kai ba.

Daga baya muka koma Kusada, Baba ya kama noma. Can babu talabijin. Amma duk ranar kasuwa da motar Malam Sale za ta bi ta can, sai ga Goggo a gidan gaba na motar, da ƙullin daddawa. Ta zauna a ɗakin Inna ta ba mu labarin duk wasannin da suka wuce mu, tana kwaikwayon muryar kowa, har da tafiyar alƙali da tarin maigadi. A nan na sake jin dariyar Inna bayan wata da watanni.

A labaranta duk wanda aka yi wa sharri sai gaskiyarsa ta fito. Baba yana zaure kamar ba ya ji, amma ba ya tashi sai ta gama.

Bara jikana ya nemo mani wasu daga cikin tsofaffin wasannin nan a intanet. Na zauna na kalle su a falo. Hoton duk ya dushe, sautin na shaƙewa, amma wallahi sun fi mani na yanzu, don mutanen ciki suna magana kamar maƙwabtanka. Abin da ya ba ni mamaki, ƙarshen da yawansu ba haka Goggo ta ba mu ba. Akwai wani malamin makaranta da ta ce an mayar da shi aiki har da ban haƙuri. A wasan kuwa haka ya bar garin da akwatinsa a ka, aka rufe.

Da ƙaramar Sallah na je gaishe ta. Idon ya tafi, amma tana jin muryata ta ce, "Binta ce ko?" Na kunna mata wasan a waya na kara mata a kunne. Ta gane kowa da murya. Ta ce, "Duk sun riga ni."

Na ce, "Goggo, ashe ba haka ya ƙare ba. Kin ce mana an mayar da shi aiki."

Ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Su suka yi kuskure, ni na gyara masu. Ubanku na zaure yana ji, in ce mashi mi?"

Hannunta kawai na riƙe.

An ce bayan Azahar za a kai ta. Ina hanya yanzu.

Allah Ya jiƙan Goggo Dije, Ya yafe mata, Ya haskaka kabarinta. Yadda ta rufa mana asiri a lokacin da muke jin kunyar fita, Allah Ka rufa mata nata. Allah Ya ba 'ya'yanta da jikokinta haƙuri.

Don Allah duk wanda ya karanta, ko bai san ta ba, ya yi mata addu'a. Sunanta Hadiza.